Kawuna Da Ya Ƙi Cin Tuwon Gidana

Daga Allah muka zo, kuma wurinSa kowa zai koma. Kawu ya koma ranar wata Laraba da hantsi, tsakiyar damina, bayan jinyar da ba ta cika wata guda ba. Aka yi masa sallah bayan azahar, muka kai shi makwancinsa, muka dawo muka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa da ke Kurmin Mashi. Ni ɗan ƙanwarsa ne, a hannunsa na tashi, don haka kusa da 'ya'yansa aka zaunar da ni, ana ta miƙo mini hannu ana tambayar ya haƙuri.

Na zaci dangi ne za su zo, da maƙwabta, da tsofaffin abokan aikinsa da suka rage. Kafin la'asar layin ya toshe. Ga direbobin tipa, ga 'yan keke-napep, ga masu gadi, ga mata masu sharar ofisoshi suna wucewa ciki suna goge ido da gefen mayafi. Yawancinsu ban taɓa ganinsu ba. Wani dogon Bakatsine ya durƙusa gaban babban ɗan Kawu, ya yi addu'a, sannan ya zaro wata takarda daga aljihu, naɗe cikin leda, ta yi laushi don tsufa.

"Marigayin nan shi ya buga mini wannan," in ji shi. "Sau biyu mai gidan burodin da nake wa aiki ya so ya kore ni da baki, sau biyu takardar nan ta tsaya mini."

Sai na ga wasu ma suna taɓa aljihunansu.

Abokan aikina na ma'aikata sun zo, ba su sami wurin ajiye mota ba sai can bakin titi. Ɗayansu ya matso ya raɗa mini, "Ashe kawun naka ɗan siyasa ne?" Na ce direba ne, ya daɗe da yin ritaya. Ya dubi taron, ya dube ni, na ga alamar ya ɗauka ɓoye masa nake yi.

Ranar sadakar uku maiɗakina ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe, aka loda kuloli aka kai gidan rasuwa, kamar yadda kowane gida na dangi ya yi. Na kowa aka karɓa. Namu aka dawo da shi, ko murfi ba a ɗaga ba. Matar Kawu, wadda muke kira Inna, ita ta ce a mayar, ta haɗa da saƙo: "Ku gaya masa, mai gidan nan bai ci abincinsa yana raye ba, ba kuwa za a ci da sunansa yana kabari ba." A kan babbar kular an ɗora wata ambulan. Ban buɗe ta ba a ranar. Na san abin da ke ciki, kuma na san muddin ban yi abin da take nema ba, ranar sadakar bakwai ma haka za a dawo da tuwona a gaban dangi.

Wanda bai san Kawu ba zai ce wane irin tsoho ne wannan da ke ƙin abincin ɗansa. Ina so in rubuta shi yadda yake, kafin lokaci ya goge mana shi mu riƙa cewa mutum ne mai haƙuri mai son zumunci, kamar yadda ake faɗa a kan kowane mamaci. Kawu ba mai haƙuri ba ne. Mutum ne mai naci, mai taurin kai, mai tambaya guda ɗaya da ya yi ta maimaitawa har ya mutu.

"Ina takardarka?"

Duk wanda ya ce masa yana aiki a wuri kaza, kafin ya yi masa murna sai ya jefa masa ita. Direba, mai wanki, mai tallan ruwan leda na kamfani, ba wanda ya tsira. Har ladanin masallacin unguwa sai da ya tare shi wata rana bayan sallar asuba. Ladan ya ce shi aikin Allah yake yi. Kawu ya ce, "Na sani. Amma kwamitin masallaci ne suka ɗauke ka, kuma su ba Allah ba ne."

Tambayar ba tasa ba ce, shi aka fara yi wa. Yana saurayi ya yi shekara tara yana leburancin wucin gadi a wani yadin gyaran hanyoyi. Wata safiya suka zo aiki, shugaban leburori ya tsaya a bakin ƙofa ya ce kowa ya koma gida, an gama da su. Suka taru suka tafi ofis kai kuka. Akawun da ya saurare su bai ma ɗago kai sosai ba, ya ce, "Kun ce kun yi aiki a nan. Ina takardarku?" Ba mai ita. Kawu ya ce ya fito daga ofishin nan yana duban tafin hannunsa, duk kanta, yana mamakin yadda hannu zai shaida aiki amma ofis ya ce bai san da shi ba. Daga baya ya koyi tuƙi, ya sami aikin direba a ma'aikata, ya shiga ƙungiyar ƙwadago, amma a zuciyarsa bai taɓa fita daga wancan ofishin ba. Kullum maganarsa ita ce in da baki aka ɗauke ka, da baki za a kore ka.

Da ya yi ritaya sai ya sayi wata tsohuwar tafireta da ofis ya yi gwanjonta, ya girka ta a zaurensa. Da yatsu biyu yake bugawa, harshe a waje, tabarau a kan hanci. Mutum ya zo ya faɗi sunansa, da aikinsa, da lokacin shiga da na tashi, da ranar da zai huta. Kawu ya buga kwafi uku, ɗaya ta mai aiki, ɗaya ta ubangida, ɗaya ta shiga akwatin ƙarfensa. Ba ya karɓar komai. Sai ya sa babbar rigarsa ta Juma'a ya tafi gidan ubangidan da kansa.

Ba ya faɗa, ba ya barazana. Gaisuwa yake yi mai tsawo, ya ajiye takarda, ya zauna. Wani mai gidan bulo a Unguwar Sarki ya ce shi ba ya sa hannu a kan komai. Kawu ya ce ba laifi, ya jawo bulo ɗaya ya zauna a bakin wurin. Kwana uku yana zuwa, duk mai sayen bulo sai ya gaishe shi ya tambayi lafiya, shi kuwa ya ce, "Lafiya lau, sa hannu nake jira." Rana ta uku mutumin ya fito da biro yana cewa, "Baba, don girman Allah kawo, ka tashi ka bar mini ƙofa." Inna kan ce ta auri mutum ɗaya amma rabin garin ke kwana a zaurenta.

Da mahaifina ya rasu, shi ya ɗauko ni ya haɗa da 'ya'yansa, bai taɓa bambanta mu ko a kwano ba. Ranar da na kawo masa takardar ɗaukata aikin gwamnati, da hannu biyu ya karɓe ta. Ya karanta ta a fili sau uku, har da lambar da ke sama. Ya ce, "Kai ne na farko a zuriyarmu da aka ɗauka da takarda tun ranar farko." Sai ya juya wa mutane baya yana gyara tabarau. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

Na hau, na kai darakta, na koma Unguwar Rimi, gida mai katanga da ƙofar ƙarfe. Aka sa ni cikin kwamitin da zai tsara wa jiha yadda za a buɗe wa matasa hanyoyin sana'a, a kuma kare haƙƙin ƙananan ma'aikata. Na yi aikin da zuciya ɗaya, har yau ina ganin abin da muka rubuta mai kyau ne. Aka gayyace ni gidan rediyo, na yi bayani mai daɗi. Na ce duk wanda ke aiki ƙarƙashin wani, ko a kamfani ko a cikin gida, ya cancanci rubutacciyar yarjejeniya da ranar hutu a mako.

Washegari Asabar, sai ga Kawu a keke-napep, da babbar rigarsa, fuska cike da fara'a. Ya ce tun daga farkon shirin har ƙarshe yana tsaye, ya kasa zama. Maiɗakina ta kawo tuwo, ya wanke hannu, ya yi bisimilla, har ya kai hannu ga malmala. Sai ya tsaya.

"Wannan bawan Allah da ya buɗe mini ƙofa, shekararsa nawa a nan?"

"Bakwai, Kawu."

"Ina takardarsa?"

Na yi dariya. "Haba Kawu, ai wannan ɗan gida ne."

"Ranar hutunsa fa?"

"Wane hutu kuma? Ai wuni yake yi a zaune."

Ya dube ni. Sannan ya janye hannunsa, ya goge shi da hankici, ya ce wa maiɗakina, "'Yata, Allah Ya yi albarka, tuwonki ba shi da laifi. Ki ajiye mini, ranar da mijinki ya sa hannu zan zo in ci." Ya tashi ya fita.

Mai gadina mutumin Zamfara ne, dattijo mai furfura a gemu, wanda 'yan bindiga suka raba da ƙauyensu. Matarsa da 'ya'yansa suna ɗakin haya a Kurmin Mashi, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba, amma ba ya ganinsu sai ya roƙi izini, kuma shi mutum ne mai kunyar roƙo. Ina da hujjoji, na kuma jera wa kaina su. Muna yi masa ɗinkin sallah. Da matarsa ta kwanta, ni na kai ta asibiti. In na ba shi takarda na mai da shi bare. In ya tafi hutu, wa zai tsare ƙofa a wannan zamani? Duk gaskiya ne, amma ba su ne dalilin ba. Dalilin shi ne na ji zafin a ce direban da ya yi ritaya ne zai koya wa darakta aikinsa, a gaban matarsa, a cikin falonsa.

Daga ranar, kowace Asabar Kawu yana ƙofar gidana. Ni Asabar ba na wuni a gida, in ba taro ba ɗaurin aure, sai bayan la'asar nake dawowa. In same shi a kan bencin mai gadi a gindin bishiyar darbejiya, su biyu, da 'yar rediyonsa da gorar ruwansa da ƙullin gyaɗa da ya zo da su daga gida.

"Darakta, an dawo?"

"Kawu, don Allah ka shigo ciki."

"Nan ma ai gidanka ne."

A kawo masa abinci ya ce alhamdulillahi. Ko ruwan gidana bai sha ba. Na gane wasan, irin zaman gidan bulo ne ake yi mini, sai na ce bari mu ga wanda zai gaji. Maƙwabcina, wani tsohon babban sakatare, ya tare ni a masallaci ya ce, "Malam, wai korar kawunka ka yi daga ciki?" Na je na kai ƙara wurin mahaifiyata. Ta ce, "Tun muna yara haka yake. Ka sa hannu ka huta." Ban sa ba.

Na ma fara ganin kamar yana lalata mini mai gadi. Wata Asabar aka soke taro, na dawo kafin azahar ana tafka ruwa. Na yi hon, shiru. Na sake dannawa na daɗe. Ƙofar ta fara motsi kamar ba ta so, ta tsaya, ta sake motsi. Na sauke gilashi na ɗaga murya, "Kai, barci kake yi ne? Wannan ɗan aikin ma ya gagare ka? In ba za ka iya ba ka faɗa mini in nemo wani!" Ƙofa ta buɗe, na shige, na ruga cikin gida da waya a kunne. Na ce wa maiɗakina ga irin abin da zugar Kawu ta jawo.

Asabar ta gaba na tare shi. Na ce, "Kawu, zanga-zanga kake yi mini a ƙofar gida? Nan ba ofishin ƙungiya ba ne. Kana kunyata ni a unguwa. In ba za ka shigo ba, ka daina zuwa."

Ya ɓare gyaɗa ya hure ɓawon. "Ban ɗaga kwali ba, ban yi waƙa ba. Zama nake yi. Bishiyar nan kuwa a waje take."

Shekara biyu muka yi a haka. Na ci gaba da zuwa taruka ina maganar haƙƙin ma'aikata, ana tafa mini.

Da ya kwanta asibiti na je da farfesun kaza. Ya rame, muryarsa ta dushe, amma da ya ga kwanon sai ya yi murmushi ya girgiza kai. Ya ce, "Ka zo da biro?" Na ce, "Kawu, ka warke tukuna, sai mu yi maganar a natse." Ya ce, "To." Ya lumshe ido. Ita ce magana ta ƙarshe da ta shiga tsakaninmu, kuma biron yana aljihun gaban rigata.

Ranar Asabar, washegarin sadakar uku, na buɗe ambulan ɗin. Kwafi uku ne, bugun tafiretarsa. Sunan mai gadina, aikinsa, lokutansa, hutu kowace Asabar, sanarwar wata guda kafin sallama. Mai gadin ya dangwala yatsa, Kawu ya sa hannu a matsayin shaida. Layi ɗaya ne babu komai a kansa. Takardar ta yi ja a wurin ninki, tun satin da ya ƙi cin tuwon gidana aka buga ta.

Na tafi wurin Inna. Tana zaune a kan tabarma cikin kayan takaba, carbi a hannu. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, kin tozarta ni a gaban dangi."

"Ni ban tozarta ka ba. Amanar da aka bar mini na isar."

"Shekara biyu yana zuwa yana yi mini zaman fushi a ƙofa, ko bayan ransa ma..."

Ta ajiye carbin. "Kai ka ɗauka fushi yake zuwa yi maka? Tsoho mai ciwon gwiwa zai bar gidansa tun safe kowace Asabar don kawai ya ɓata maka rai? Je ka tambayi mai gadinka inda yake wuni ranar Asabar."

Na dawo na same shi shi kaɗai a kan benci. Na zauna kusa da shi, abin da ban taɓa yi ba. Na tambaye shi. Ya sunkuyar da kai.

"Ranka shi daɗe, ka gahwarce ni. Da ka hita da sahe, Baba shi ka zowa shi amshi makulli, ni in tahi in ga iyali. In na yi azahar da su, in dawo kahin la'asar. Shi yac ce kar in hwaɗi. Ya ce hutun ga nawa na, tun da ba a ba ni ba, shi za shi riƙe min ƙohwa har a ba ni."

"Maiɗakina ta sani?"

"Ta sani. Ita ma ya roƙe ta."

Na shiga ciki na ɗauko takardun, na ɗora su a kan cinyata na sa musu hannu, kwafi uku. Na miƙa masa tasa. Ya karɓa da hannu biyu, ya juya ta, ya ce shi ba ya karatun boko, amma Baba ya karanta masa ita sau da yawa har ya haddace. Ya ninke ta ya sa a aljihu. Bai yi murna ba, ni ma ban yi ba.

Ranar sadakar bakwai na kai tuwon da kaina, tare da kwafi na uku. Inna ta sa aka karanta mata, ta ce a saka a akwatin ƙarfe. Sannan ta ce a buɗe kulolin a kai wa mutanen waje. Direbobi da masu gadi suka ci, suka yi wa mamaci addu'a. Ina tsaye ina kallonsu, wani ya tambayi babban ɗan Kawu wa zai riƙa buga musu takarda yanzu. Tsarin da kwamitinmu ya rubuta yana nan a ofis, ana jiran a duba shi.

Asabar da ta biyo baya ban je ko'ina ba. Da safe mai gadin ya yi wanka ya sa rigarsa mai kyau, ya kawo mini makulli. Har ya juya zai tafi, sai ya dawo.

"Ranka shi daɗe, bari in gwada maka. Ƙohwar ga ta sauka, ba ta jawuwa sai an ɗaga ta. Ka sa kahwaɗa nan, ka ɗaga, sannan ka ja. Baba ta sha wahalshe shi, balle in an yi ruwa."

Na ce, "Ranar da aka yi ruwan nan, da na dawo da wuri na yi ta hon..."

Ya dubi ƙasa.

"Ba ni nan, ranka shi daɗe. Da na dawo na iske shi jiƙe sharkaf, yana matse riga. Ya ce min ka dawo, ya laɓe bayan ƙohwa ba ka gane shi ba. Ya ce kar in damu, hwaɗan ga ba nawa ba na, shi ya amshe shi."

Ya yi mini sallama ya tafi neman keke-napep.

Na sa kafaɗa inda ya nuna mini, na ɗaga. Ƙofar tana da nauyi ƙwarai, ni da nake da sauran ƙarfi sai da na yi nishi. Shekara tara tana buɗe mini safe da yamma, ban taɓa sanin nauyinta ba, ban kuma taɓa duba wanda ke bayanta ba.

Allah Ka jiƙan Kawu, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka ba shi takardarsa a hannun dama. Mai gadina na roƙe shi gafara, ya ce ya yafe. Wanda na yi wa tsawa a cikin ruwan nan kuwa, ya tafi bai ci tuwona ba.